Yadda Tuƙi a Kan Ruwa Ke Rage Maka Lokaci a Injin Tuƙi

Duk wanda ya daɗe yana hawa injin tuƙi a gidan motsa jiki ya san ranar da lamba take cijewa. Watannin farko lokaci sauka yake yi kamar farashin tumatir a kakarsa: yau ka ja mita 2000 cikin minti 8 da rabi, bayan wata biyu ka ga 8 cif, ka ƙara ƙaimi ka taɓo 7:40. Daga nan kuma shiru. Ka yi gumi, ka yi nishi, wata rana har da amai, allon nan yana nuna maka abin da ya nuna makon jiya.

Akwai dalili, kuma na lissafi ne. Injin Concept2, wanda da shi ake gasa kusan ko'ina a duniya, ƙarfin da ka zuba wa fankarsa yake aunawa, sannan ya mayar da shi gudu. In kana son gudu ya ninka sau biyu, sai ƙarfi ya ninka sau takwas. Mai jan kowace mita 500 cikin minti 2 yana fitar da wat 203, shi ne mai minti 8. Mai 1:55 yana fitar da 230, mai 1:50 kuma 263. Wanda yake son minti 7 cif, wato 1:45, sai ya kawo 302. A agogo minti ɗaya ne tsakanin mai 8 da mai 7, amma a jiki ƙarin rabin ƙarfin da kake da shi ne. Idan aka zo wannan gaɓa, ƙarfin tuwo kaɗai ba ya sayen sakan. Wuri biyu ake samo shi: toshe ƙarfin da ke yoyo a kowane ja, da gina zuciya da huhu ta sa'o'i masu yawa na aiki mai sauƙi. Duka biyun, ƙaramin jirgi a kan ruwa ya fi injin iya koyar da su.

Ba abin mamaki ba ne, domin daga ruwa injin ya fito. 'Yan'uwa biyu, Dick da Pete Dreissigacker, matuƙa ne da suka fara sana'ar ƙera filafilai a 1976, suka zauna a jihar Vermont ta Amurka inda ruwa ke daskarewa da sanyi. A 1981 suka fito da injinsu na farko, da wilin keke a madadin fanka, don matuƙi ya samu abin ja kafin ƙanƙara ta narke.

Jirgin da ake magana

Ka cire hoton kwalekwalen masuntan Yawuri ko Argungu daga ranka. Su gaba suke fuskanta, filafili ɗaya a hannu, ƙarfin kuma na kafaɗa da baya ne. Jirgin tseren mutum ɗaya tsawonsa ya ɗan wuce mita 8, faɗinsa bai fi na zaman mutum ba, dokar gasa kuma ta ce kada nauyinsa ya gaza kilo 14. Kana zaune a kujera mai taya, ƙafafunka cikin takalman da ke ɗaure da jirgin, ka ba inda za ka baya. Filafili biyu kake riƙe da su, kowanne ya kusa mita 3, kowanne maƙale a ƙarfen da ya fito daga gefen jirgi. Akwai wani salon da kowane matuƙi ke riƙe da dogon filafili ɗaya, amma ga mai neman gyara jansa na inji, mai biyun ya fi: jiki ba ya karkata gefe, kuma in kai kaɗai ne a ciki babu wanda za ka ɗora wa laifi.

Kada ka ɗauka ruwa zai ba ka lamba irin ta inji. Josh Dunkley-Smith na Ostireliya ya ja mita 2000 a inji cikin 5:35.8 a 2018, ya kafa tarihin duniya a lokacin. Robbie Manson na Niyu Zilan, da ya kafa na jirgin mutum ɗaya a Polan a 2017, 6:30.74 ya yi. Jirgi yana ɗauke da nauyinka, iska da igiyar ruwa suna da ta cewa. Inji bai damu da ko kilo nawa kake ba.

Makonnin farko asara ce, ka yarda da ita

Wannan ne abin da masu zuga mutane su shiga ruwa ba sa faɗa. A makonni shida zuwa takwas na farko ba za ka iya ja da ƙarfin da zai motsa zuciyarka ba. Hankalinka duk yana kan kada ka kife. Wanda ya bar inji gaba ɗaya a wannan lokaci, in ya dawo zai tarar lambarsa ta hau, ya ce ruwa ya cuce shi. Saboda haka ka riƙe aikin injinka yadda yake, ka ɗauki fitar ruwa a matsayin makaranta.

Masu bibiyar wasanni ba su manta da Hamadou Djibo Issaka na Nijar ba, wanda ya shiga tseren mutum ɗaya a gasar Olamfik ta Landan a 2012 yana ɗan shekara 35, bayan horon da bai wuce wata uku ba. A ɗaya daga cikin tserensa minti 8 da sakan 39 ya yi, 'yan kallo suna ta yi masa tafi, alhali wanda ya ci zinare a wannan gasa bai kai minti 7 ba. Lafiyayye ne, ga zuciya, ya kuma kai ƙarshe bai kife ba. Abin da wata uku ba ya bayarwa ne ya rasa.

Kafin komai, iya ruwa fidda kai. Ƙungiyoyin tuƙi na kirki ba sa barin sabo ya fita sai ya nuna zai iya iyo da tufafinsa, sannan a kifar da shi da gangan a wuri mai aminci, ya koyi zare ƙafa daga takalmi da sake hawa. Ka duba igiyar da ke riƙe dunduniyar takalmin kullum, ita ce ke sa ƙafa ta zame in jirgi ya juye. In ka kife, kada ka bar jirgi ka nufi gaɓa da iyo, jirgin ne tudun mun tsira. Ka fara da jirgi mai faɗi na masu koyo, da koci a kusa. Kana tafiya da baya, don haka waiwaye bayan 'yan ja kaɗan wajibi ne. Wanda kuma zai yi wannan a tafkuna da madatsun ruwan ƙasashenmu, ya tambayi mutanen wurin labarin dorina, ya kuma tuna da tsargiya: in ya faɗa ruwa ya yi wanka ya goge jiki da wuri, in ya ga jini a fitsari ya nufi asibiti.

Sirrin zama daram ɗaya ne: muddin mariƙan biyu suna hannunka a haɗe, tafukan filafilai kuma suna kwance a kan ruwa, da wuya ka kife. Sakin mariƙi ɗaya shi ne wanka. A yawancin ƙungiyoyi hannun hagu ne ke bi ta saman na dama inda suke gittawa, don haka ka yanke farce, in ba haka ba gaɓoɓin yatsun damanka za su sha yaƙushi.

Kamu

Ja ɗaya kashi huɗu ne: kamu, turi, fitarwa, komawa. A kamu ne aka fi zubar da sakan, a nan kuma ruwa ya fi tsanani.

A inji, idan ka zo gaba gwiwa a naɗe, fankar tana ci gaba da juyawa. Sarƙar ba ta cizo sai saurin mariƙi ya kamo saurin fankar. Mutane da yawa suna ɓata wannan ɗan taƙi ta hanya biyu. Wani ya tura ƙafa, kujera ta yi baya, mariƙi yana nan bai motsa ba: ɗuwawu ya tafi ya bar hannu. Wani kuma ya fara da ɗaga kafaɗa da fizgar hannu tun ƙafa ba ta soma ba. Inji ba ya tsawata wa ko ɗaya. Yana rage maka lamba ne a ɓoye, kai kuma ka ɗauka ƙarfinka ke nan.

A ruwa ba a ɓoye wannan. In ka tura ƙafa tafin filafili bai nutse ba, jirgin ka tura baya, za ka ji ya yi turjiya a ƙarƙashinka. In ka ɗaga kafaɗa, tafin ya nutse da yawa, sandar ta shiga ruwa, jirgi ya karkata. Abin da ake nema: ka iso gaba jiki ya riga ya gama sunkuyawa, ƙwauri a tsaye, hannu a miƙe, ka ɗan ɗaga hannu kaɗan tafin ya faɗa da nauyin kansa, sai ƙafa ta tura. Daga nan duk tazarar da kujera ta yi, mariƙi ma ya yi ta. Ji za ka yi kamar ka rataya a mariƙan, nauyinka ya ɗan ragu a kan kujera. Ranar da ka fara jin wannan ratayar, ka samu abin da ka zo nema.

Darasin da ya fi kawo shi shi ne ja da ƙafa kaɗai. Hannu a miƙe, baya a sunkuye yadda yake, ka tura ƙafa ka fitar da tafi ka dawo. Ka yi ashirin, ka ƙara buɗe baya ka yi ashirin, sannan ka ƙara hannu. Wasu kociyoyin suna sa a yi rubu'in farko na turin kawai, ƙanana ƙanana, har sai shigar tafi da tashin ƙafa sun zama abu ɗaya. Yana da gundura. Ni dai ban san darasin da ya fi shi biyan wahala ba, domin fiye da rabin ƙarfin ja daga ƙafa yake fitowa, kuma duk bai da amfani in bai isa ga mariƙi ba.

Ga abin da hakan yake nufi a allo. Mai jan mita 2000 cikin minti 7 da rabi, ja 30 a minti, ja 225 yake yi. In kowane ja ya ƙaru da santimita 10 kacal, mita 22 da rabi ke nan, kusan sakan 5.

Komawa da fitarwa

Allon inji fanka kawai yake gani. Ƙarfin da ka kashe wajen wurga jikinka gaba da tsayar da shi ba ya shiga lissafi, amma huhunka ne ke biya. Mai garajen komawa haraji yake biya sau 225 ba rasit. A jirgi kuwa mutum mai kilo 80 yana zaune kan abu mai kilo 14, don haka in ya rugo gaba, wutsiyar jirgi ta nutsa, gudu ya mutu. Da sannu za ka koyi barin jirgin ya zo ƙarƙashinka da kansa: hannu ya fara fita, baya ya biyo, sai gwiwa ta tashi. A ja 20 a minti, kowane ja sakan 3 ne, kusan ɗaya na turi, biyu na komawa. Darasin tsayawa yana gyara wannan. Ka dakata sakan biyu bayan hannu ya fita baya ya sunkuya, tafuka a sama, ka ji ko jirgi ya zauna, sannan ka ci gaba.

Fitarwa ba ta buƙatar dogon bayani. Ka zare ƙafa daga takalmi ka ɗora a kai, ka yi tuƙi haka minti goma. Mai kwantawa baya fiye da kima ko mai fizgar hannu a ƙarshe zai ji yana shirin faɗawa ta baya. Ana yin wannan a inji ma, a kwance maɗaurin ƙafa.

Riƙo kuma da yatsu ne, babban yatsa a bakin mariƙi. Mai damƙa kamar zai shaƙe kaza zai kwashi bororo a tafin hannu, damtsensa ya ƙage tun tafiya ba ta yi nisa ba. Wannan sassaucin in ya bi ka inji, a mita 500 na ƙarshe za ka gode masa.

Sa'o'i

Riba ta biyu ta fi ta farko girma, sai dai ba ta da daɗin labari. Tseren mita 2000 yana kama da aikin ƙarfi, amma kusan kashi uku cikin huɗu na makamashinsa daga iskar da kake shaƙa yake zuwa. Wannan ɓangare da doguwar tafiya mai sauƙi ake gina shi. Stephen Seiler da wani abokin aikinsa sun bi tarihin horon manyan matuƙan Norway daga 1970 zuwa 2001, suka ga sa'o'in aiki mai sauƙi sun yi ta ƙaruwa, na aiki mai tsanani sun ragu, 'yan wasan kuma suka ƙara ƙarfi. Yau galibin ƙwararru kusan kashi huɗu cikin biyar na horonsu a natse suke yin sa.

Matsalar ita ce awa ɗaya a inji kana kallon bango azaba ce, kuma allon yana zuga ka. Ka zauna da niyyar tafiya a hankali, ka ga lamba, zuciya ta ce ka rage sakan ɗaya, kafin ka ankara aikin sauƙi ya koma tsaka-tsaki: ya gajiyar da kai, bai gina ka ba. Ga kuma ƙugu, wanda dogon zama a inji yake takura wa fiye da jirgi, saboda a inji kai ne kake tsayar da dukkan nauyinka a kowane kamu. A ruwa minti 70 ko 80 suna wucewa kana lura da tafi, da hanya, da iska.

Idan hannunka ya faɗa, ka riƙa yin kilomita 10 zuwa 14, ja 18 zuwa 20 a minti. Ma'aunin sauƙi shi ne ka iya yin magana jimla guda ba tare da haki ba. Amma sauƙi a numfashi ake nufi, turin ƙafa yana nan da nauyinsa. Ka duba gurbin kumfar da tafukanka suka bari a baya: in tazarar da ke tsakanin na wannan ja da na gaba tana faɗaɗa alhali yawan ja bai canza ba, kana ci gaba. Jirgin mutum ɗaya da ke cin mita 500 cikin minti 2 da rabi a ja 20 yana tafiyar mita 10 ke nan a kowane ja. Ka zaɓi alamu biyu a gaɓa, bishiya da gada misali, ka riƙa ƙirga ja nawa ke kai ka, a ranar da ba iska.

Mayar da ribar kan inji

Ruwa tarawa yake yi, a inji ake karɓa. Wanda ya yi wata uku bai taɓa sarƙa ba zai ji ta baƙuwa, domin kamun inji ya fi na ruwa sanyin cizo, zafin mita 2000 kuma abu ne da jiki ke mantawa. Ga mai fita sau biyar a mako, shawarata uku a ruwa, biyu a inji. Na ruwan biyu dogaye ne, ɗaya na darussa da 'yan gajerun ja masu ƙarfi, kamar ja 20 da ƙarfi, 20 a sassauce. Na injin ɗaya mai zafi ne: mita 500 sau takwas da hutun minti 3 da rabi, ko mita 1000 sau huɗu da hutun minti 5, a saurin da kake burin yi ranar gwaji ko kusa da shi. Ɗayan minti 30 ne a ja 20, wato ja 600 cif. Wannan na biyun shi ne madubinka. Da yake an ƙayyade yawan ja, ba yadda za ka ƙara mita sai kowane ja ya yi kyau, kuma a nan ribar ruwa take fara bayyana, makonni kafin ta bayyana a mita 2000.

Ka gyara marfin iskar da ke gefen fanka. Yana da lamba 1 zuwa 10, kuma 'yan gidan motsa jiki suna son kai shi 10 don a ga maza. Wannan kamar tuƙa kwalekwalen dakon yashi ne. Kamfanin da kansa 3 zuwa 5 yake ba da shawara. Abin dogaro ma ba lambar marfin ba ce, lambar turjiya ce da allon ke nunawa in ka nemo ta: yawancin matuƙa suna zama tsakanin 110 da 135, gwargwadon girman jiki. Ƙura tana toshe ragar fanka ta rage iskar da ke shiga, don haka injin da ya sha hunturu a Kano ko Damagaram ba a share shi ba, 5 ɗinsa ba 5 ɗin sabon inji ba ce. Ka duba lambar kafin kowane gwaji, ka riƙe guda.

Allon yana kuma iya zana maka siffar ƙarfin kowane ja. Tozo ɗaya ake so, irin na raƙuminmu, mai tashi da wuri ya sauka sumul. In ka ga tozo biyu, ƙafa ta gama kafin baya ya karɓa. Ka koma darasin ƙafa kaɗai minti biyar kafin ka fara aikin ranar.

Wani abu kuma: ka zauna a inji yadda kake zama a jirgi. Akwai dabarun da inji ke saka wa da 'yan mitoci, kamar kwantawa baya sosai da jan mariƙi har wuya. Matuƙan ruwa suna yi wa masu wannan ba'a da cewa inji ba ya iyo. Ribar kaɗan ce, ƙugu ne ke biyan ta, kuma tana rushe abin da ka sha wahalar ginawa. Mariƙi ya tsaya a ƙasan haƙarƙari, sarƙa ta tafi a miƙe ta dawo a miƙe.

Kada ka yi gwajin mita 2000 fiye da sau ɗaya a mako shida zuwa takwas. Kwana biyu kafin ranar ka sassauta. Ka ɗumama jiki minti 15 zuwa 20. Ka raba burinka huɗu: mai neman 7:32 yana neman 1:53 a kowace mita 500. Ja biyar zuwa takwas na farko da ƙarfi don tayar da fanka, sannan nan da nan ka sauka kan lambarka, ko da jiki yana ce maka yau ranarka ce, domin kowa haka yake ji a minti na farko. Kashi na uku ne mai ɗaci. A nan ka daina kallon mitocin da suka rage, ka koma ƙirga ja goma goma, kana tuna ratayar nan ta kamu da sakin kafaɗa a komawa. In saura mita 300, ka ɗaga yawan ja da biyu ko uku ba tare da ka gajarta shi ba. Ka rubuta lokacin, da lambar turjiya, da yawan ja, da abin da kowace mita 500 ta ba ka. Washegari ka koma ruwa, ja 18, awa ɗaya.